Iskar Da Aka Kulle

A wurin Bahaushe, iska sai ta kaɗa ake sanin tana nan. In ta taso da ƙarfi tana juyi a ce guguwa, in ta zo da hazo da sanyi a ce hunturu ya kama, in kuwa ganye ya daina motsi a kan itace sai a ce iska ta ɗauke. Ashe ke nan a tunaninmu na yau da kullum, iskar da ba ta kaɗawa kamar babu ita ne, balle wadda aka ɗura a taya ko a ƙwallo aka toshe bakin. Ita wannan muna ɗaukarta tamkar hatsi a buhu: an zuba, an ɗaure, ta kwanta. Abin da nake so in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai a wannan ɗan rubutu shi ne, da wuya a sami abin da ya kai wannan kullalliyar iska rashin hutu, kuma abin nan da muke kira zafi, in an bi diddiginsa, gwargwadon wannan rashin hutu ne. Mai karatu zai iya ganin kamar magana ce ta ɗakin gwaje-gwaje kawai. To, amma kowannenmu yana hawa mota, da yawa daga cikinmu kuma suna kwana gida ɗaya da tukunyar gas.

Sa'ad da nake yaro nakan yi hutun makaranta a rumfar wani kawuna mai faci, a bakin titi kusa da tasha. Aikina shi ne buga famfo da riƙe tif a cikin ruwan baho don a ga inda kumfa ke fita. Abu biyu na lura da su tun a lokacin. Na farko, in na jima ina buga famfon keke, sai gindin famfon ya ɗau zafi har ya gagari riƙo, alhali babu wuta kusa da shi. Na biyu, da bazara, wajen watan Maris zuwa Afrilu, direbobin da suka sha doguwar tafiya sukan tsaya a auna musu taya, sai geji ya nuna fiye da abin da aka sa musu da asuba. "Malam, iska ta ƙaru," haka suke cewa, kawuna kuma ya amsa musu da cewa rana ce ta kumbura ta. Maganar ba ta taɓa gamsar da ni ba. Ta ina iskar ta shiga, tun da bakin tif a rufe yake ruf? Da za a ɗora tayar a sikeli da safe a sake ɗora ta da azahar, nauyinta ɗaya ne. Babu abin da aka ƙara, amma ga allurar geji ta hau.

Amsar da masana kimiyya suka bayar ta faro ne daga abin da ido ba ya gani. Iska tarin ƙwayoyi ce ƙanana ƙwarai, mafi yawansu iri biyu: kashi 78 cikin ɗari naitirojin, kashi 21 kuwa oksijin, watau wadda numfashinmu ke bukata. Ƙanƙantarsu ta wuce misali. A ɗauki ɗan wuri mai tsawon santimita ɗaya, faɗi ɗaya, tsayi ɗaya, wanda bai ma kai ƙwayar sukarin kwali ba. Adadin ƙwayoyin iskar da ke cikinsa, in za a rubuta shi, sai a sa 25 a bi ta da sifiri goma sha takwas. Da za a tara mutanen duniya kaf, su biliyan 8, a ce kowa ya riƙa ƙirga ƙwaya ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, sai sun shafe kusan shekara 100 kafin su gama da ɗan wurin nan. Duk da wannan yawa, sararin da ke tsakaninsu ya fi su girma nesa ba kusa ba, shi ya sa ake iya danne iska a cusa ta da yawa cikin tif, alhali ba a iya yi wa ruwa haka.

Ƙwayoyin nan kuwa ba sa tsayawa. A cikin ɗakin da mai karatu yake zaune yanzu, ko da an rufe ƙofa da taga, ƙwayar naitirojin tana gudun kimanin mita 500 a daƙiƙa, watau kilomita 1,800 a awa guda, gudun da ya fi na sauti. Da za a ba ta hanya miƙaƙƙiya, da minti biyar ko shida sun ishe ta daga Kano zuwa Zariya. Suna gudu ta kowace fuska, suna karo da juna, suna dukan duk bangon da ya tare su su dawo. Wannan dukan shi ne matsi.

Misalin da ya fi zauna mini a rai a nan shi ne ruwan sama a kan kwano. In an fara yayyafi, mutum yana iya rarrabe ɗigo da ɗigo, tas, tas, tas. In ruwa ya kece kuwa, sai ɗigon ya ɓace a kunne, ka ji ruri guda ɗaya mai ɗorewa kamar ba ya yankewa. Haka bangon taya yake ji. Dukan ƙwaya ɗaya ba ya tsinana kome, amma da yake sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, dukan ya taru ya zama turi mai ɗorewa wanda ke iya ɗaukar babbar mota da kayanta. Mu kanmu cikin wannan duka muke dare da rana: iskar sarari tana danna kowane wuri mai girman farcen babban yatsa a jikinmu da nauyin kusan kilo ɗaya. Ba ma ji ne don cikin jikinmu yana turawa waje daidai da haka.

To, ina zafi ya shigo? A harshenmu mukan ce zafi ya shiga abu, ko ya fita, ko ya kama shi, kamar dai wani baƙo ne mai zuwa da tafiya. Ba mu kaɗai muka yi wannan zato ba. Manyan masanan Turai sun daɗe suna riƙe da cewa zafi wani irin ruwa ne marar nauyi da ke malala daga abu mai zafi zuwa mai sanyi, kuma har farkon ƙarni na 19 wannan ra'ayi ne ke da rinjaye. Abin da aka tabbatar daga baya ya fi wannan sauƙi. Ɗumama iska shi ne ƙara wa ƙwayoyinta gudu. Kwalta ta ɗau rana, robar taya ta ɗau zafi, watau nata ƙwayoyin sun ƙara karkarwa a inda suke; duk ƙwayar iskar da ta doki wannan bango mai karkarwa sai ta dawo da gudun da ya fi wanda ta je da shi, ta kuma raba wa 'yan'uwanta ta hanyar karo. Yawan ƙwayoyi bai sake ba. Gudunsu ne ya sake.

Akwai wani ɗan lissafi a nan da nake ganin ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne zuciyar maganar. Tsakanin safiyar hunturu mai digiri 15 da tsakar ranar bazara mai digiri 45, gudun ƙwayar naitirojin yana tashi ne daga kimanin mita 506 zuwa 532 a daƙiƙa, ƙarin kashi 5 cikin ɗari ke nan. Amma matsin iskar da ke cikin rufaffen wuri yana ƙaruwa da kashi 10. Me ya sa ya ninka? Domin ƙwayar da ta ƙara gudu riba biyu take ci a kan bango: tana kai masa duka a kai a kai fiye da da, tun da tana saurin zuwa da dawowa, sa'an nan kowane duka ya fi na da nauyi. Kashi biyar na yawan duka, kashi biyar na nauyinsa, ga goma.

Mai lura zai ce, daga 15 zuwa 45 ai ninki uku ne, yaya za a ce ƙarin goma cikin ɗari kawai? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma laifin na ma'aunin da muka saba da shi ne. Sifirin ma'aunin Salshiyos an ɗora shi ne a kan inda ruwa ke daskarewa, ita kuwa iska ba ruwanta da daskarewar ruwa. A wannan sanyi ƙwayoyinta suna nan suna zabga gudu. Wani Bafaranshe mai suna Guillaume Amontons ya hango haka tun wajen 1702. Ya kulle iska a cikin kwalba, ya ga cewa daga ɗumin yau da kullum zuwa tafasar ruwa matsinta na ƙaruwa da kusan sulusi, sai ya ce lalle in aka bi hanyar da baya, ana ta sanyaya ta, akwai inda matsin zai ƙare, nan ne kuwa iyakar sanyi. A 1802 wani ɗan ƙasarsu, Gay-Lussac, ya nuna cewa iskoki iri daban-daban duk gwargwado ɗaya suke buɗewa in an ɗumama su, ya kuma ambaci cewa Jacques Charles ya riga shi gano haka shekaru da dama kafin nan, sai dai bai buga ba. A 1848 ne William Thomson na Jami'ar Gilasgo, wanda daga baya aka san shi da Lord Kelvin, ya kafa ma'aunin da ke farawa daga wannan iyaka, wadda take digiri 273 ƙasa da daskarewar ruwa. A wannan ma'auni safiyar hunturunmu 288 ce, tsakar ranar bazara kuwa 318. In an duba ta nan sai a ga ashe duk kukan da muke yi na sanyi da na zafi a kan ɗan taƙi ne ƙanƙane. Babu wanda ya taɓa kaiwa ga wannan sifiri na ainihi, kuma tun kafin a je kusa da shi iskar kanta takan bar zama iska: oksijin na komawa ruwa a digiri 183 ƙasa da sifiri, naitirojin a 196.

Da aka fara baza wannan bayani, wani masanin yanayi ɗan ƙasar Holan, Buys Ballot, ya kawo suka a 1858, irin sukar da kowane mai hankali zai kawo. Ya ce in da gaske ƙwayoyin iska na wannan gudu, ai da ƙamshi ya cika ɗaki nan take da zarar ya tashi. Mu ma mun san in an sa turaren wuta a ƙuryar ɗaki, sai an ɗan jima kafin na bakin ƙofa ya ji. Bajamushen nan Rudolf Clausius ya ba shi amsa a wannan shekara: gudun gaskiya ne, hanya ce babu. Kowace ƙwaya tana karo da 'yan'uwanta sau biliyoyi a daƙiƙa guda, kowane karo kuma ya juya ta wata fuska. A ɗauki yaro mai gudun tsiya, a ɗaure masa ido, a sake shi a tsakiyar Kasuwar Kurmi ana gobe salla. Zai yi gudu har ya gaji, amma a dawo bayan awa guda, da wuya ya yi nisa da rumfar da aka bar shi.

Abin da ya fi taɓa ni a tarihin wannan ilmi shi ne yadda gaskiyar ta daɗe a bakin ƙofa ba a ce mata shigo ba. Tun a 1738 Daniel Bernoulli na ƙasar Suwizalan ya rubuta cewa matsin iska dukan ƙananan ƙwayoyi ne, aka yi kusan shekara ɗari ba wanda ya ɗauki maganar da muhimmanci. Sai kuma John Waterston, mutumin Sikotilan, wanda ke koyar da matasan ma'aikatan jirgin ruwa a Bombay ta ƙasar Indiya, wadda yanzu ake kira Mumbai. A 1845 ya aika wa babbar ƙungiyar masana kimiyya ta Landan da maƙala, a cikinta ya nuna da lissafi cewa zafin iska yana tafiya ne daidai da ƙarfin motsin ƙwayoyinta. Aka ba masu tacewa biyu. Ɗayansu ya yanke hukunci cewa shirme ce zalla. Ba a buga ta ba, ba a kuma mayar masa da ita ba, domin al'adar ƙungiyar ita ce abin da ya shigo ya zama nata. Ta kwanta a ma'ajiya shekara arba'in da shida. A 1891 Lord Rayleigh ya tono ta, aka buga a 1892 tare da gabatarwarsa, inda ya ƙiyasta cewa ƙin karɓarta ya jawo wa wannan fanni jinkirin shekara goma zuwa goma sha biyar. Shi kuwa Waterston ya riga ya fita daga gidansa a Edinbara wata rana a 1883, ba a sake ganinsa ba. Ban ga laifin mai tacewa don ya yi shakka ba, shakka aikinsa ne. Laifinsa shi ne da ya auna maƙalar da sunan mai ita, sunan kuwa ba wanda ya san shi. Ko bayan ayyukan Clausius da Maxwell da Boltzmann, wasu manyan masana sun ci gaba da musun akwai ƙwayoyin, sai da Einstein ya yi lissafi a 1905 kan rawar da 'yan mitsi-mitsin abubuwa ke yi a cikin ruwa in an dube su da madubin ƙara girma, Jean Perrin kuma ya auna a 1908 ya ga lissafin ya yi daidai, sa'an nan musu ya ƙare.

Mu koma kan titi, inda jahiltar wannan al'amari ke cin rayuka. Akwai wata al'ada da na sha gani wurin direbobinmu da bazara: a tsaya a hanya, a taɓa taya a ji ta yi zafi ta yi tauri, sai a sa tsinke a sace mata iska, wai kada ta fashe. Niyyar mai kyau ce, kuma an gina ta a kan rabin gaskiya, tun da lalle zafi na ƙara matsi. Amma bari mu lissafa. A ce an sa wa ƙaramar mota geji 32 da asuba, gari na digiri 20. Geji yana nuna abin da ya ɗara matsin iskar waje ne kawai, wanda shi kuma kusan 15 ne, saboda haka ainihin matsin cikin tayar 47 ne. An yi tafiya, iskar ciki ta kai digiri 60. A ma'aunin Kelvin daga 293 ke nan zuwa 333, sai 47 ta koma 53, geji ya nuna 38. Ƙarin shida ne kacal, kuma masu ƙera taya sun san da shi, shi ya sa adadin da suke rubutawa na taya mai sanyi ne. Lafiyayyiyar taya ba ta fashewa don wannan. To, direba ya sace iska ya mai da ita 32 tana da zafi. Ya fitar da ƙwayoyi ke nan waɗanda ba za su dawo ba, in ta huce sai a tarar da ita wajen 26. Taya mai ƙarancin iska kuwa gefenta na lanƙwashewa yana miƙewa a kowane juyi, wannan lanƙwasa ita ke haifar da zafi mai tsanani a cikin robar kanta, har roba ta saki wayar da ke riƙe da ita. A haɗa wannan da lodi fiye da kima, da gudu, da tsohuwar tayar da ta gama aiki a wata ƙasa kafin ta iso mana. Mutumin da ya tsaya don ya tsare fasinjojinsa daga fashewar taya, da hannunsa ya matso da ita kusa. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, in ji masu iya magana. Lokacin auna taya shi ne da safe kafin a tashi, in ta ɗau zafi a hanya kuwa magani shi ne a rage gudu ko a tsaya a inuwa.

Shi kuwa famfon keken da ke ƙona mini hannu, hanyar ɗaya ce aka biyo ta baya. Fatar famfo bango ce mai tahowa; ƙwayar da ta doki bango mai tahowa takan koma da ƙarin gudu, kamar ƙwallon da ya gamu da ƙafar mai bugu. Ƙarfin damtsena ne ke komawa gudun ƙwayoyi. A kan wannan aka gina injin manyan motoci masu shan man dizal, wanda Rudolf Diesel ya ƙera a shekarun 1890: ana danne iska ta koma kashi ɗaya cikin goma sha shida ko ashirin na wurin da take, zafinta ya haura digiri 500, in an fesa mai ya kama da kansa ba tare da tartsatsin fulogi ba.

Saura tukunyar gas, wadda yanzu ta shiga gidaje da yawa a biranenmu. Lamarinta ya fi na taya tsanani, domin abin da ke cikinta ruwa ne aka matse, a girgiza ta a ji yana motsi, iskar tana samansa ne kawai. In ta ɗau zafi, ƙwayoyin da ke sama suna ƙara gudu, ga kuma sababbi suna tasowa daga ruwan suna ƙara yawa. Saboda haka matsinta ba ya bin ɗan lissafin goma cikin ɗari ɗin nan. Tsakanin digiri 20 da 50 yakan ninka, ko ma ya ɗara. Ruwan kansa kuma yana kumbura, shi ya sa ƙa'ida ita ce kada a cika tukunya fiye da kimanin kashi 80 cikin ɗari. Mai sayen da ke matsa wa mai ɗuri ya cika masa ita har wuya, yana ganin ya ci riba, ya hana ruwan wurin miƙe ƙafa ne, ruwa kuwa ba ya dannuwa. Haka nan gwangwanin feshin sauro da na turare: a jikin mafi yawansu an rubuta kada a bar su a zafin da ya wuce digiri 50, kada kuma a jefa su a wuta ko da sun ƙare, domin "ƙarewa" a nan na nufin matsin ciki ya yi daidai da na waje ne kawai, ƙwayoyi suna nan cike da shi. Cikin motar da aka rufe gilasanta aka bari a rana da bazara yana wuce digiri 50 ɗin cikin ɗan lokaci, wutar bola kuwa, wadda yaran unguwa ke kewayewa da safiyar hunturu suna jin ɗumi, tana kai ɗaruruwa.